Jagorar bin gaɓar tekun Maroko da motar-gida, daga Tanja zuwa Sidi Ifni

Motar-gida ita ce motar nan da aka gyara cikinta ya koma ɗaki: gado, murhun gas, ƙaramin firji, tankin ruwa da ban-ɗaki. A Maroko sunan Faransanci ake kiranta da shi, kamfin-kar, kuma da zarar sanyi ya kankama a Turai za ka ga irinta jere a kan hanyar da ta bi Tekun Atlantika ta yi kudu. Daga Tanja zuwa Sidi Ifni wajen kilomita 1,050 ne in an bi gaɓa. Direban da ya matsa zai cinye ta a kwana biyu, amma wannan ba ita ce tafiyar da ake nufi ba. Ka ware mako uku, ko biyu in lokaci ya ƙure. A motar-gida ba injin ne ke yanke maka nisan da za ka yi a yini ba. Ruwan da ke tanki, cajin da ke batir, da inda za ka kwana kafin magariba, su ne masu faɗa a ji, kuma a kansu za a fi daɗewa a nan.

Lokacin tafiya

Daga Nuwamba zuwa Maris ne kakar. A Agadir, a watan Janairu, zafin rana yakan kai maki 20 ko ɗan sama, dare kuma ya sauka zuwa wajen 8, ya fi hunturun Kano sanyi amma ba ƙura. Arewa, daga Tanja zuwa Rabat, ruwan sama yake sha a waɗannan watanni, don haka kada ka ɓata kwanaki da yawa a can in ka ga hadari. Ka gangara kudu, ka bar arewa sai a dawowa. Yuli da Agusta ba a ba da shawara: 'yan ƙasar mazauna Turai suna komawa gida hutu, jiragen ruwa sun cika, kuɗin tikiti ya hau, bakin teku ba masaka tsinke.

Agogon Maroko daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai dai a watan azumi sukan mayar da shi baya da awa ɗaya. Wanda ya manta da wannan zai iya rasa jirgi.

Takardu, kafin a taɓa sitiyari

Mai fasfon Najeriya sai da biza. Tun 2022 Maroko take ba da biza ta intanet, wadda masu takardar zama a ƙasashen Tarayyar Turai, Birtaniya ko Amurka za su iya nema, amma zamanta kwana 30 ne, sai ka tsara tafiyar a cikinsu. Masu fasfon yawancin ƙasashen Turai kwana 90 suke da shi ba biza.

Motar kuma tana da nata lissafin. Kwastan suna barin motar waje ta zauna wata shida a cikin shekara, kuma da sunanka ake rubuta ta. Ma'ana ba za ka hau jirgin sama ka fita ka bar ta ba sai ka bi ta ofishin kwastan sun karɓe ta a hannunsu. Ka riƙe takardar mallakar mota ta asali, ba kwafi ba. In motar ba da sunanka take ba, sai da takardar izini daga mai ita, wadda hukuma ta buga wa hatimi. A nan ne masu haya suke tuntuɓe: kamfanonin haya da yawa a Turai ba su yarda a tsallaka da motarsu Maroko ba, kuma in ba takardar izini, a tashar jirgi za a mayar da kai. Wanda zai taso daga Afirka ta Yamma ya fi masa sauƙi ya sauka Kasablanka, Marrakesh ko Agadir ta jirgin sama ya yi haya a cikin ƙasar, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa haɗe da na gida.

Sai inshora. Ka duba koren katin inshorarka, wato takardar da ke jera ƙasashen da inshorar take aiki. In akwai haruffan MA, wato Maroko, kuma ba a soke su ba, ka tsira. In an soke, akwai rumfar sayar da inshorar iyaka a cikin tashar jiragen ruwa ta Tanja Med, ka saya kafin ka fita ƙofa, na wata ɗaya ko fiye. Ka sani cewa wannan ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara taka motar.

Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kada ma ka ɗauko shi. Kwastan suna tambaya, kuma in sun gani karɓewa suke yi.

Nauyi

Yawancin waɗannan motoci a kan Fiat Ducato, Peugeot Boxer, Citroën Jumper ko Ford Transit aka gina su, kuma iyakar nauyinsu kilo 3,500 ne, wanda shi ne iyakar lasisin ƙaramar mota. Motar kanta, ba kaya, takan kai kilo 2,900 zuwa 3,000. Saura 500 ko 600. Yanzu ka ƙirga: ruwa lita 100 kilo 100 ne, mutum biyu wajen 150, silindar gas cike wajen 25, ga safaya, ga kayan aiki, ga abinci, ga kujeru da tebur, ga kekuna in akwai. Ba a jima ba an ƙetare. Motar da ta yi nauyi tana cin birki a gangara, tayoyin baya suna zafi har su fashe, kuma inshora na iya zamewa in an yi haɗari. Kafin tafiya ka loda komai, ka cika tanki, ka kai ta ma'aunin manyan motoci ka ga lamba da idonka. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Akwatunan sama na tufafi ne kawai.

Ka duba shekarun taya, ba zanenta kaɗai ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar motar-gida ba ta cika cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana ta tsattsage gefenta. In ta wuce shekara shida a canza. Ka tafi da safaya ta gaske, da jak mai iya ɗaga motar, da famfon iska mai aiki da batir, da igiyar ja, da shebur, da fiyus na canji. Ka auna tsayin motar har da abin da ke kan rufi, ka rubuta a takarda ka manna inda ido ke gani.

Tsallaka ruwa

Daga Aljesiras da ke kudancin Sifaniya zuwa Tanja Med awa ɗaya da rabi ne. Akwai kuma dogayen jirage daga Sète a Faransa, Basalona, da Jenowa a Italiya, waɗanda suke kwana a ruwa. Wajen sayen tikiti ka faɗi tsawo da tsayin motar na gaskiya, har da maɗaurin keke na baya. Ka zaɓi jirgin safe, domin jira a kwastan na iya cin awa ɗaya ko uku, kuma ba ka son darenka na farko ya same ka a hanya. Ka rufe gas daga kan silinda kafin shiga jirgi.

Galibi a cikin jirgin ɗan sanda yake buga fasfo. Da ka hau ka nemi layin, kada ka bari sai an kusa sauka. Zai rubuta maka wata lamba a fasfo, da ita kwastan za su shigar da motar, su ba ka ɗan kati. Wannan kati ka ɗauke shi hoto, ka ajiye shi tare da fasfo, shi za a nema ranar fita. Ka canza kuɗi kaɗan a tashar, yuro ɗaya wajen dirhami 10 zuwa 11, ka nemi canji ƙanana domin kuɗin hanya da masu gadi. Layin waya na Maroc Telecom, Orange ko Inwi ana samu da fasfo. Tanja Med tana da nisan kilomita 40 da wani abu gabas da birnin Tanja, kuma babbar hanya tana farawa daga bakin tashar.

Ruwa, mai tsabta da mai datti

Tankin ruwan yawancin motocin lita 100 ne. Mutum biyu masu girki, wanke-wanke da alwala sau biyar suna cin lita 25 zuwa 30 a yini ko ba wanka. Wanka ɗaya da shawa, ko an yi tsimi, lita 10 zuwa 15 ne. Wato tanki ɗaya kwana uku ne, huɗu in an yi hattara. Dabarar da ta fi kowace rage ɓarna ita ce buta: a cika ta a yi alwala a waje, maimakon a bar famfo yana zuba. Wanka da bokiti da moɗa ya fi shawa tsimi nesa ba kusa ba. Kwanuka a fara goge maiƙonsu da takarda kafin a wanke, ruwa ya ragu, tankin datti kuma ba zai yi wari da wuri ba.

Ana cika tanki a sansanonin kwana, wasu gidajen mai ma suna bari in ka sha mai ka tambaya. Ka riƙe tiyo naka na mita 10 zuwa 15 da kawunan famfo iri biyu ko uku, da jarka mai lita 10 da mazurari domin inda tiyo ba ya kaiwa. Kada ka taɓa cika tanki da tiyon da ka gani kusa da wurin zubar da masai, da shi mutane suke ɗauraye akwatin ban-ɗaki. Ka ɗanɗana ruwa kafin ka zuba, domin a kudu wasu rijiyoyin suna da gishiri-gishiri. Ruwan tanki na wanka da wanki ne. Na sha a sayi na gora mai lita 5, irin su Sidi Ali, ko a sa matata mai kyau.

Ban-ɗakin motar akwati ne da ake zarowa ta waje, mai ɗaukar lita 17 zuwa 19. Littafin mota zai ce yana kai kwana uku ko huɗu, amma ga mai tsarki da ruwa kwana biyu ne, wani lokacin ma bai kai ba. Wannan shi ne ainihin abin da zai riƙa mayar da kai sansani. In da wuri a motar, ka sayi akwati na biyu. Wajen zubarwa ka juya bakin bututun ƙasa, ka danne maɓallin iska da babban yatsa tun kafin ya fara zuba, in ba haka ba zai yi ta fantsama. Ka ɗauraye sau biyu, ka zuba maganinsa da ruwa wajen lita biyu. Ba a zubar da shi a rairayi, ko kwata, ko bayan duwatsu. Yawan yin haka ne ya sa mutanen wasu ƙauyukan gaɓa suka gaji da masu motar-gida, kuma suna da gaskiya.

Wuta

Batir biyu ne a motar: na tayar da injin, da na ɗaki. Na ɗakin in irin na dalma ne mai amfiya 100, rabinsa kawai ake ci, in aka riƙa zuƙe shi ƙasa da haka ba ya daɗewa. Na litiyam mai girma ɗaya kusan duka ake amfani da shi. Firji mai kwamfuresa yana cin amfiya 30 zuwa 45 a yini, fitilu da famfon ruwa da cajin waya su ƙara wajen 15. Ka ga batir ɗin dalma ɗaya yini guda ne. Faifan sola mai wat 200 a kwance kan rufi, a watan Disamba, yakan mayar da wajen abin da aka ci in sama ta yi garau, amma da kyar, domin rana tana ƙasa-ƙasa kuma yini gajere ne. Gishirin teku da ƙura suna yin dafifi a kan faifan su rage masa ƙarfi, a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan kwana biyu. Sabbin motoci kuma ba sa cajin batir ɗin ɗaki da kyau daga injin sai an sa musu caja ta musamman tsakanin baturan biyu. Ka tabbatar da ita tun a gida.

A sansani wutar 220 ce, soket irin na Faransa mai hanci biyu, don haka ka riƙe mahaɗi daga shuɗin filogin motar zuwa wannan. Sau da yawa amfiya 6 ake bayarwa, wato wajen wat 1,300. Butar lantarki mai wat 2,000 za ta katse wutar, wani lokacin har ta maƙwabta. Da magariba, in kowa ya kunna hita, ƙarfin wutar yakan faɗi sosai, kuma wannan yana lalata caja da firji. Ɗan ma'aunin da ake soka wa a soket ba shi da tsada, ka riƙa dubawa, in ka ga ta sauka ƙasa da 200 ka cire waya. Wayar mai mita 25 a warware ta duka, in an bar ta a naɗe zafi take yi har ta narke.

Gas ɗin girki yana da arha domin gwamnati na tallafa masa. Silinda mai kilo 12 ta koma dirhami 50 a 2024, kuma kusan kowane kantin unguwa yana da ita. Amma gidajen mai ba sa dura gas a tankin mota, kuma ba a musayar silindar Turai. Abin yi shi ne ka sayi ta ƙasar, ka biya kuɗin ƙarfen sau ɗaya, daga nan sai musaya. Bakinta irin na Faransa ne, kuma hagu ake murɗa shi ya ɗaure. Ka zaɓi wadda ba ta lotse ba, ka sa sabuwar roba, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗin. In ya yi kumfa, yana yoyo. Na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru a ɗaki wajibi ce, kuma ba a ɗumama mota da murhun girki ko gawayi, ko sanyi ya kai yaya.

Hanyar, zango-zango

Asila, wajen kilomita 45 kudu da Tanja, ita ce zangon farko da ya dace: ƙaramin gari mai farar ganuwa a bakin ruwa, ana iya zaga shi da ƙafa a yammaci ɗaya. Daga nan Larash, sai Mulai Busalham mai tafkin Marja Zarka inda tsuntsayen Turai suke cin hunturu. Zuwa Rabat ka hau babbar hanya mai kuɗi. Motar-gida takan biya fiye da ƙaramar mota saboda tsayinta, amma hutun da za ka samu ya fi kuɗin.

Rabat da Kasablanka ba wurin shiga da doguwar mota ba ne. Ka ajiye ta a sansani a wajen gari, wajejen Muhammadiya misali, ka shiga jirgin ƙasa. Masallacin Hassan na Biyu da ke Kasablanka, da aka buɗe a 1993, wani ɓangarensa a kan teku yake, ya cancanci a yi Juma'a a cikinsa. Mai son ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, daga Rabat ya kamata ya ratse, wajen kilomita 200 ne gabas kan babbar hanya.

Daga Jadida, mai tsohuwar ganuwar Fotugal, tafiyar gaɓa ta gaske take farawa. Ka bar babbar hanya ka bi R301. Bayan ka wuce masana'antun Jorf Lasfar sai gonakin kayan lambu da suka gangara har bakin ruwa, sai Walidiya, wajen kilomita 80, inda duwatsu suka tare igiyar teku suka bar tafki mai kwanciyar ruwa. In da yara a motar, nan ne wurin da ya fi aminci su shiga ruwa. Safi garin tukwane ne da kifin sadin, amma kudancinsa masana'antar fosfat ce, ka rufe gilashi ka wuce.

Sawira, wadda allon hanya yake rubuta Essaouira, tana son kwana uku. Da hantsi jiragen kamun kifi masu shuɗin fenti suke dawowa, ka sayi sadin ko wani kifin a tashar, a gasa maka nan take da gishiri da kayan ƙamshin da suke kira kamun, ka ci da burodi. Garin cibiyar kiɗan Ginawa ne, zuriyar mutanen da aka kawo daga kudu da Sahara a zamanin bauta, cikinsu har da Bambara da Hausawa da Fulani. Wanda ya san garaya da sambani, in ya ji gimbiri mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa, kunnensa zai gane dangi. Abin da za ka kiyaye a Sawira da Sidi Kawuki, kilomita 25 kudu, iska ce. Tana tasowa daga arewa da rana, ta ƙara ƙarfi da la'asar. Ka juya hancin motar ya fuskance ta, ƙofar ɗaki ta koma ɗaya gefen. Rumfar gefen mota kada a bar ta a buɗe in za a bar wurin ko za a kwanta, iska ɗaya ce za ta ɗaga ta ta karya ƙarafan, ta fasa tagar rufi.

Sawira zuwa Agadir kilomita 175 ne kan N1, hawa da gangara da kwana-kwana cikin itatuwan argan. Ka ba ta awa huɗu. In za ka sauka ƙauyen Imsuwan da ke bakin teku, gangarar tana da tsayi: ka sa giya ta biyu injin ya riƙe motar, ka taka birki da ƙarfi ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai har ƙasa. In ka ji ƙauri ko birki ya yi laushi, ka tsaya rabin awa, kuma kada ka watsa masa ruwa. Bayan Tamri mai gonakin ayaba hanya ta dawo bakin teku har Tagazut, matattarar masu hawan igiyar ruwa. Agadir sabon gari ne, an sake gina shi bayan girgizar ƙasar 1960. A nan za ka yi babban cefane a kasuwar Suk Al-Had ko babban kantin Marjane, a nan kuma bakanike da kayan gyara suka fi samuwa.

Daga Agadir kilomita 95 zuwa Tiznit, garin maƙeran azurfa, sai ka koma gaɓa ta Aglu, Mirleft, Lagzira, har Sidi Ifni. A Lagzira ɗaya daga cikin manyan bakunan jan dutse ya rufta a 2016, saura na nan, amma sai ruwa ya janye ake isa, kuma ba a zama ƙarƙashinsa. Sidi Ifni ta zauna a hannun Sifaniya har 1969, gine-ginenta sun nuna. Bayanta hanya ta shiga hamada, garuruwa sun yi nisa da juna, wannan kuma wani shirin ne daban.

Inda ake kwana

Iri uku ne. Sansani mai katanga, da ruwa da wuta da wurin zubar da datti. Filin ajiye motoci mai gadi, inda za ka ba mai gadin 'yan dirhamai ya kula da kai har safe, amma ka yi ciniki tun da farko. Sai kwana a fili, wanda a yawancin gaɓar, musamman wajejen Tagazut da Agadir, hukuma ta hana, kuma jandarma sukan ƙwanƙwasa da dare su ce a tashi. In sun zo ka gaishe su, ka bi abin da suka ce, sau da yawa su da kansu za su nuna maka inda ya halatta. Manhajar Park4night tana taimakawa, sai dai ka karanta sharhin kwanan nan, domin wurin da aka kwana bara ana iya rufe shi bana. Tsarin da ya fi dacewa da tanki da akwatin ban-ɗaki shi ne dare biyu a filin gadi, na uku a sansani.

Ka isa masauki kafin la'asar sakaliya. Tuƙin dare a ƙananan hanyoyi haɗari ne: amalanken jaki ba fitila, masu keke, masu tafiya a gefen kwalta da baƙar jallabiya. Da ka tsaya ka daidaita motar da 'yan matakalan roba a ƙarƙashin taya, domin firji mai aiki da gas ba ya sanyi in mota ta karkace. Kada ka kwana a busasshen rafi. Ruwa na iya sauka a kan duwatsu inda ba ka gani, ambaliya ta iso cikin dare. Da dare a bar tagar rufi a ɗan buɗe ko ana sanyi, numfashin mutum biyu yana jiƙa gilashi da bango, kuma a danshin teku katifa takan yi fumfuna ta ƙasa. A ɗaga ta ta sha iska duk mako.

Mazhabar ƙasar Malikiyya ce, masallaci kuma ba ya wuya ko a ƙauye, yawancin manyan gidajen mai ma suna da wurin salla. Alƙibla gabas take, wato in ka ba teku baya ka kusa daidai, sai ka gyara da manhaja. Matafiyi yana kasaru, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ya cika, abin da yakan faru a Sawira ko Agadir.

Jandarma, rairayi da teku

Iyakar gudu 120 ce a babbar hanya, 100 a wajen gari, 60 a cikin gari, kuma na'urar auna gudu takan ɓuya daidai inda allo ya sauko daga 80 zuwa 60. A shingen bincike akwai allon rage gudu, sai na tsayawa. Ka tsaya cak a wurin allon har jami'in ya yi maka hannu, ko da ka ga yana kallon wani wajen. Tara ana biya nan take, ka karɓi rasit. Lambar 'yan sanda 19, jandarma 177, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15.

Motar-gida mai ja da tayoyin gaba ba ta rairayi ba ce. Duk hanyar da ta sauka daga kwalta, ka fara takawa da ƙafa. In ta kafe, ka ɗaga ƙafa daga totur nan da nan, domin kowane juyin taya rami yake ƙara tonawa, kuloci kuma yana ƙonewa. Ka share yashin gaban tayoyin da na ƙarƙashin motar, ka rage iskar tayoyin zuwa wajen bar 2 a ma'aunin iska, ka shimfiɗa faranti ko tabarmar ƙafa, kowa ya sauka, ka fita a hankali ta sawun da ka shigo. Ka mayar da iska kafin ka hau kwalta. Tekun nan yana cika ya janye sau biyu a yini, bambancin yakan kai mita uku, don haka filin da ka gani busasshe da azahar ruwa na iya rufe shi da magariba. Layin ciyawar teku da tarkace a kan yashi shi ne iyakar da ruwa ya kai jiya, ka tsaya nesa da bayansa.

Ruwan da sanyi ko da rana ta take, kuma yana da ja. Inda ka ga wani lungu ya kwanta lumui tsakanin igiyoyi masu fashewa, nan ne ruwa yake komawa ciki da ƙarfi, ba nan ne wurin wanka ba. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya gwiwa. Karnukan bakin teku kuma kada yara su taɓa su, akwai ciwon haukan kare a ƙasar, cizo ko yaƙushi a wanke da sabulu minti 15 a tafi asibiti a ranar.

Ranar komawa ka isa Tanja Med awa uku kafin jirgi. Kada ka tsaya a hanya kusa da tashar, kuma ka leƙa ƙarƙashin motar da akwatunan waje, domin masu neman tsallakawa Turai sukan ɓuya, kuma direba ake tuhuma. Za a buga fasfo, kwastan su karɓi katin nan su cire motar daga sunanka, sannan a bi da ita ta na'urar haska kaya. Nama da madara da cuku ba a shiga da su Tarayyar Turai, a cinye su kafin tasha. Da ka sauka Aljesiras ka nemi wurin wankin mota mai matsin ruwa, a wanke ƙarƙashinta da bayan tayoyi da maƙallan ƙofofi, domin gishirin mako uku in ya kwana a jikin ƙarfe tsatsa yake zama.